"Ciki ya sauka": abin da idon tsohuwa ya gani da abin da bai gani ba

Kusan kowane gida a Nima da Maamobi akwai tsohuwar da za ta dubi mai ciki ta ce, "Yarinya, cikinki ya sauka, ki haɗa kaya." Ba ƙarya take yi ba. Sai dai mun daɗe muna ɗora wa maganar nan nauyin da ya fi ƙarfinta.

Abin da ke faruwa shi ne, wajen da ya fi faɗi a kan jariri ya shige bakin ƙashin ƙugun uwa ya zauna. Shi ya sa numfashi ke yin sauƙi, ƙwannafi ya ragu, amma fitsari ya yawaita, mara ta yi nauyi. A cikin fari hakan yakan faru wajen mako 36 zuwa 38. Wadda ta taɓa haihuwa kuwa, sau da yawa kan ba ya shiga sai naƙuda ta kankama. Ke nan saukar ciki ba ta nufin gobe za a haihu, ana iya ƙara mako biyu ko uku.

Ungozoma a wajen awo ba da ido take aiki ba. Tana ɗora yatsu biyar a kan mara ta ji nawa ne na kan ya rage a sama. In ta rubuta 5/5, kan yana yawo bai shiga ba. In ya kai 2/5, ya shiga. Lissafin kashi-kashi ne irin wanda muke koya wa 'yan firamare, amma maigida nawa ne ya taɓa buɗe littafin awon matarsa ya duba?

Inda tsoronmu yake shi ne ranar da aka ce cikin fari ya kai wata tara bai sauka ba. Nan da nan sai a hau jiƙe-jiƙe, wannan ta kawo saiwa, waccan ta ce a danna cikin. Sau da yawa ba komai ba ne, lokaci ne bai yi ba. Amma wani lokaci jaririn ne ya gicciye ko ya zo a zaune, ko mabiyiya ta tare hanya, ko ƙari a mahaifa, ko kan ya fi ƙugun girma. To wane jiƙo ne zai buɗe ƙashi? Maganin da ke tsananta naƙuda alhali hanya a toshe take yana iya yaga mahaifa. Doguwar naƙuda irin wannan ita ke kawo yoyon fitsari, ita ke cin ran jariri, wani lokaci har da uwar. Hannun ungozoma da hoton ciki ne ke rarrabe wannan da wancan.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau takwas, ukun ƙarshe a mako na 36, 38 da 40. Daidai lokacin da wasu matanmu ke daina zuwa ke nan, wai ai ciki ya sauka, sai jiran Allah. Kuma tun 2008 awo da haihuwa suna ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIS kyauta, ko da yake mun sani aljihu ba ya tsira gaba ɗaya. Asibitin Maamobi na nan a bakin ƙofarmu, in abu ya fi ƙarfinsu ga Ridge, ga Korle Bu.

Ku magidanta, da ku muke. Ku raka su awon ƙarshe, ku tambaya: kan yana ƙasa? Ya shiga? In bai shiga ba, me ake zato? In kuma faya ta fashe kan bai shiga ba, cibiya na iya riga jariri fitowa. Wannan, ko ganin jini, ba na jiran gari ya waye ba ne. A nemi taksi a daren.