Wa ya sa hannu a kan ruwan Patancheru?

Ɗauki kwalin sipro, ko na farmasi ko na mai tire a kasuwar Maradi, ka juya bayansa. Sau da yawa za ka ga a Indiya aka yi shi, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga sunan Haidarabad, birnin da ya cika da masana'antun magani. Kusa da birnin akwai wani gari ana ce masa Patancheru. A can aka gina matatar ruwa guda wadda masana'antu wajen 90 ke kai wa dauɗarsu. A 2007 wani masani daga Suwidin, Joakim Larsson, da abokan aikinsa suka auna ruwan da ke fitowa daga matatar, wato bayan an ce an tace shi. Sun iske siprofuloksasin har miligiram 31 a lita guda. Wannan ya fi abin da ake samu a jinin majinyacin da ke cikin shan maganin. Da suka yi lissafi, kimanin kilo 45 ne ke bin ruwa kullum. Raba kilo 45 da ƙwaya mai miligiram 500, ka samu ƙwaya 90,000. Kullum fa, ba a shekara ba.

To mi ya shafe mu, mu da ke Damagaram ko Tawa? Ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin irin wannan ruwa, raunanan mutuwa suke, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin kan. Ba sa neman biza. Cikin hanjin matafiyi suke shiga, cikin abinci, cikin ruwan sha. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 don antibiyotik ya daina ci musu, kuma yankin da ya fi kowane yawan mutuwar idan an gwada da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000. Ban ce masana'anta kaɗai ta jawo haka ba. Mai tire da ke sayar da ƙwaya biyu ba ordonansi yana da nasa kason, haka mai kiwon da ke ɗura wa kaji. Amma mai tire kowa na zaginsa, a rediyo, a likita, a fada wajen shayi. Wanda aka iske yana zubar da ƙwaya 90,000 a rana a 2007 shi kuma littafi yake bugawa duk shekara yana yabon kansa.

Wannan littafin nake so mu buɗe. Babban kamfanin magani da ke kasuwar hannun jari dole ya fitar da rahoton shekara. A Indiya, hukumar kasuwar, SEBI, ta wajabta wa kamfanoni 1,000 mafi girma su haɗa da rahoton muhalli da zamantakewa tun shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023. Tambayoyi ne rututu: ruwa nawa kuka ɗiba, nawa kuka zubar, an tace ko ba a tace ba, wuta nawa kuka sha, hayaƙi nawa, shara nawa, an ci ku tara ko ba a ci ba. Sai ka iske shafi bayan shafi, da hoton itatuwan da aka dasa da ƴan makaranta suna dariya. Abin da takardar ba ta tambaya shi ne wanda ya fi komai: antibiyotik nawa ne cikin kowace litar da ta fita. An auna girman tulu, ba a leƙa cikinsa ba.

Kuma ba mantuwa aka yi ba. A Janairun 2020 ma'aikatar muhalli ta Indiya ta fitar da daftarin doka mai sa iyaka ga antibiyotik 121 a ruwan da masana'antu ke zubarwa. Da ta wuce, da Indiya ta riga kowace ƙasa. Masu masana'antu suka tayar da jijiyar wuya. Da dokar ta fito a Agustan 2021, babu iyakokin a ciki. Yanzu kamfani yana iya rubuta cewa ya bi dukkan dokokin muhalli, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ya rushe katanga da hannunsa, ai ba wuya ya rantse bai taɓa tsallake ta ba. Duk sanda ka ga kalmar "mun cika ƙa'ida" a rahoto, tambaya ta farko ita ce wace ƙa'idar, wa kuma ya zauna aka rubuta ta.

Sai sashen daraktoci, inda ni na fi jin haushi. Nan ma komai a jere: sunan kowane darakta, digirinsa, taro nawa ya halarta, nawa aka biya shi, wa ke cikin wane kwamiti. Dokar kamfanoni ta Indiya ta 2013 ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na majalisar su zama daraktoci masu zaman kansu, kuma kowannensu yana ba da takardar shaida da kansa cewa lalle shi mai zaman kansa ne. Dokar dai ta ce ba a kama irin wannan darakta sai a kan abin da aka yi da saninsa da yardarsa, ko in an tabbatar ya yi sakaci. Ku duba da kyau. Mutumin da aka ɗauko don ya yi tambaya, abin da ya fi kare shi shi ne kar ya sani. Halartar taro goma cikin goma ba ta gaya maka ko ya taɓa buɗe baki ya ce a kawo masa sakamakon gwajin ruwa.

In kana ganin zato ne kawai, ga Ranbaxy, wanda a lokacinsa babu kamfanin magani da ya kai shi a Indiya. A 2004 OMS ta cire wasu magungunansa na sida daga jerin waɗanda ta amince da su, irin magungunan da ake turowa Afirka. A shekarar, shugaban sashen bincike na kamfanin, Rajinder Kumar, ya tsaya gaban wani kwamitin daraktoci ya nuna musu cewa an yi coge a bayanan gwaji na magunguna fiye da 200 da ake sayarwa a ƙasashe fiye da 40. Shi ne ya bar aiki ba da daɗewa ba, kamfani ya ci gaba da ciniki. Sai da wani ma'aikaci, Dinesh Thakur, ya kai maganar ga hukumar magunguna ta Amurka. A Mayun 2013 Ranbaxy ya amsa laifi, ya biya dalar Amurka miliyan 500. Mafi yawan kuɗin baitulmalin Amurka suka shiga. A wannan shari'ar ba a kai ko darakta ɗaya kaso ba. Daga 2004 zuwa 2013 kuwa rahoton shekara bai taɓa fashi ba, da sa hannun manya a ƙasa. Maganar Ranbaxy ta ingancin magani ce, ba ta ruwa ba, amma ɗakin taron guda ne, kujerun guda. Majalisar da aka gaya wa gaskiya a kan ƙwayar da mutum zai haɗiya ta kau da kai, ita za ta damu da magudanar bayan katanga?

Na san abin da wani zai ce, musamman ƴan uwa masu karatun likitanci a Yamai: in ba don Indiya ba da talaka bai sha magani ba. Gaskiya ne. A 2001 Cipla ya sauko da maganin sida zuwa dalar Amurka 350 a shekara, lokacin da kamfanonin Turai da Amurka ke karɓar sama da 10,000. Ba wanda ya ce a daina saye. Kuma Turawan da ke nuna yatsa, su ma sinadarin ƙwayoyinsu da yawa daga Indiya da Sin suke sayowa, su manna sunansu, su bar dauɗar a gonar manomin Telangana. Amma arahar da aka samu ta hanyar kashe ƙarfin maganin kansa bashi ce, kuma alƙaluman 2019 sun nuna wa ake bi.

Mai saye yana da baki in ya so. Norwe ta fara ba da maki ga tsaftar masana'anta a kwangilar sayen antibiyotik na asibitocinta, kamfanoni kuma suka kawo bayanan da a da suke cewa sirrin kasuwanci ne. A Satumban 2024 OMS ta fitar da jagorarta ta farko a kan ruwa da sharar masana'antun antibiyotik, saboda haka ma'auni yana nan, ba sai mun ƙirƙiro ba. Nijar ita kaɗai ƙaramar mai saye ce, na yarda, amma ONPPC ba ita kaɗai ke sayen magani a wannan yanki ba, kowace maƙwabciya tana da irin nata ofishin. Layi uku ya isa a ƙara a takardar kwangila: sunan masana'antar da ta yi sinadarin da garin da take, sakamakon awon antibiyotik a ruwanta daga ɗakin gwajin da ba kamfanin ke biyan albashinsa ba, da sunan daraktan da ya karanta sakamakon ya sa hannu, shi da kansa, ba "majalisa" ba. Kamfanin da ya ce ba zai iya ba, a mayar masa da littafinsa mai hoton itatuwa a kira na gaba.