Ko a Kai Yaro Awon Basira?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da wani malamin makaranta ya aiko mini, wadda na ga ba shi kaɗai ta shafa ba. Ya ce yana da ɗa mai shekara tara wanda ya fi 'yan ajinsu nesa ba kusa ba, har abokai suna ba shi shawara ya kai shi a auna masa basira, watau awon nan da Turawa ke kira IQ, don a sami takardar da za a nema masa makarantar haziƙai da ita. Kuɗin awon kuwa ba kaɗan ba ne ga mai albashi irin nasa. Yana tambaya, ya kai shi ko ya bari?

Malam, kafin mutum ya sayi hatsi ya kamata ya san mudun da za a auna masa da shi. To, bari mu fara duba asalin wannan mudu.

A shekarar 1905 wani masani Bafaranshe, Alfred Binet, da abokin aikinsa Théodore Simon, suka tsara waɗansu tambayoyi a birnin Faris, daga masu sauƙi zuwa masu wuya. Nufinsu su gano yaran da karatu ke yi wa nauyi, don a ware su a taimake su. A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya kawo dabarar raba shekarun hankalin yaro da shekarun haihuwarsa. A 1916 kuma Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya gyara tambayoyin Binet, ya yaɗa lissafin. Ga yadda ya ke. Kadan yaro ɗan shekara 8 ya amsa tambayoyin da 'yan shekara 10 suka saba amsawa, sai a raba 10 da 8, a riɓa da 100, a ce ya sami 125.

Yanzu an bar wannan lissafi. Awon da aka fi aiki da shi shi ne na David Wechsler, wanda ya fito don yara a 1949, aka yi ta sabunta shi, ana yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16. Ana gwada yaro ne da tsararsa. Matsakaici a kan ba shi 100. Kashi biyu cikin uku na yara suna tsakanin 85 da 115. Kamar biyu cikin ɗari ne ke kai 130, nan ne kuwa makarantu da yawa na ƙasashen waje su ke ja layi, su ce daga nan zuwa sama haziƙai ne.

Ban ce awon nan wasa ba ne. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa yaron da ya sami lamba mai yawa, galibi ya kan yi ƙoƙari a makaranta. Amma fa akwai abu uku da ya kamata uba ya sani tun bai kwance bakin aljihu ba.

Na farko, su wane ne tsaran da za a gwada ɗanka da su? Masu tsara awon su kan jarraba yara masu yawa na ƙasarsu, a kan amsoshinsu a ke yanka mudun. Kadan an kawo na Amurka ko na Ingila aka yi wa yaron da ya tashi da Hausa a gida, aka tambaye shi ma'anar kalmomin Turanci, to, Turancinsa aka auna tare da basirarsa, an kuwa gauraya su yadda ba mai iya rabewa. Kowa ya san mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Akwai wani awo na zane-zane wanda John Raven ya fitar a Ingila a 1938, ba ya bukatar karatu, yaro ya dubi zane ya zaɓi guntun da ya ɓace. Wannan ya rage matsalar harshe, amma duk da haka yaron da ya saba da takarda da fensir tun yana ƙarami ya fi wanda bai saba ba samun sauƙinsa.

Lambar ma kanta tana motsi. James Flynn, wani malamin jami'a a ƙasar New Zealand, ya nuna cewa a ƙasashe da yawa lambar mutane ta yi ta hawa kamar 3 a kowace shekara goma cikin ƙarni na ashirin. Wani babban bincike na 2018 kuma ya nuna kowace shekara guda ta makaranta tana ƙara wa mutum tsakanin 1 da 5. Haka nan yunwa, da rashin sinadarin aidin a abinci, da gubar dalma, duk suna rage ta. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400, aka kuma ji tsoron lahanin da ta bar wa ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Ashe abin da a ke aunawa, da baiwa a ciki, da kuma abin da yaro ya ci, ya sha, ya koya.

Na biyu, awon rana ɗaya ne. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ya ji tsoron baƙon da ke tambayarsa, sai lamba ta sauka. Masu awon da kansu su kan rubuta cewa tana iya hawa ko sauka da kamar 5. Watau mai 127 da mai 131 ba wani bambanci tsakaninsu, alhali kuwa layin 130 zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Terman ɗin nan da na ambata, a 1921 ya fara tara haziƙan yara kamar 1,500 a jihar Kalifoniya, aka bi labarinsu har tsufansu. Da yawansu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Amma cikin yaran da aka jarraba aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez. Na farkon ya sami kyautar Nobel a 1956, na biyun a 1968, cikin zaɓaɓɓun kuwa ba wanda ya same ta.

Na uku, wace ƙofa takardar za ta buɗe? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga Malam. Gwamnatin Tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, ta jihar Neja, wadda aka kafa zamanin mulkin Janar Babangida. Jihar Jigawa ma ta gina tata a Bamaina, kusa da Birnin Kudu. Shiga ta Suleja da jarrabawa ce, hukumar NECO ke shirya ta ga yara masu gama firamare. Takardar da uba ya biya aka yi masa a wani ofis ba za ta zauna wa ɗansa wannan jarrabawa ba. Saboda haka kafin ka kai yaro ko'ina, rubuta wa makarantar da ka ke nufi, ka tambaye su abin da su ke bukata. Kadan ba su nemi awon ba, kuɗin nan ya fi amfani a littattafai da kuɗin rajistar jarrabawa.

To, yaushe awon ke da amfani? Ni a ganina wuri biyu ne. Ɗaya, in makarantar ta ce lalle sai da shi. Ɗaya kuma, in al'amarin yaro ya rikitar da iyaye da malamai: ga shi da kaifin magana da saurin lissafi a ka, amma karatu ya gagare shi, ko kuwa ya kan gama aiki tun 'yan'uwansa ba su fara ba, sa'an nan ya dami aji da ƙiriniya har a ɗauke shi fitinanne. Irin wannan, gwanin awo zai iya nuna inda ƙarfinsa ya ke da inda rauninsa ya ke, wannan kuwa shi ne aikin da Binet ya nufa tun farko. In za a yi, a fara kai shi likita ya duba ido da kunne. A nemi masanin halayyar ɗan Adam mai takardar shaida, a tambaye shi da wane harshe zai yi, da yaran wace ƙasa zai gwada shi. Kada kuma a yi gaggawar kai ɗan shekara huɗu ko biyar, gama lambar ƙananan yara ba ta cika zama wuri ɗaya ba.

Ni ma ina da ɗiya mai shekara takwas wadda malamarta ke yabo. Na yanke shawara ba zan kai ta ba yanzu, domin ba wanda ya nemi takardar, ita kuma ba abin da ke damunta a aji. Na roƙi malamar ta riƙa ba ta aikin da ya fi na ajinsu wuya kaɗan, mu ga inda za ta tsaya. Malamanmu na allo sun san wannan hanya tun da daɗewa. Ba sa gane mai kaifin kai da zama ɗaya, sai sun ga sau nawa ya ke wanke allonsa cikin wata, da yadda ya ke riƙe abin da ya wanke. Shaidar malamin da ya zauna da yaro shekara guda abar saurare ce ƙwarai.

Abu na ƙarshe, 'yan'uwana iyaye, wanda duk ya kai ɗansa, ya riƙe lambar a cikinsa. In ta yi yawa ka gaya wa yaro, sai ya ɗauka ya gama, ya riƙa gudun duk aikin da zai iya faɗuwa a ciki don kada sunansa ya ɓaci. In ta yi kaɗan ka gaya masa, ka karya masa zuciya a kan awon safiya ɗaya. Ga kuma ƙannensa da yayyensa suna ji, za su ɗauka an raba gidan biyu, masu kai da marasa kai. Uba ya tambayi kansa tun kafin ya tafi: in lambar ta fito 110, zan dubi yaron nan da idon da na ke dubansa yau? Kadan amsar a'a ce, to, bai shirya kai shi ba tukuna.

Ina fata malamai da suka taɓa koyar da irin waɗannan yara za su rubuto su gaya mana yadda suka yi da su, domin mu ƙaru. Allah ya raya mana zuriya, ya sa su amfani jama'a.

Wassalam. Ni ne naku,

Akawu