"Daji Ba Ya Son Allura": Laifin Wa?

A Garwa, ɗalibin likitanci yana karanta cutar kansa da Faransanci, sannan ya shiga ɗakin majiyyata inda ake yi masa bayani da Fulatanci ko Hausa. Manyan littattafan da yake dogaro da su, irin kundin DeVita da ya fara fitowa a 1982, ko jerin littattafan rabe-raben ƙari na cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon, ba su san kalmar "daji" ba. Ita kuwa matar da ta zo da kumburi a nono ba ta san wata kalmar ba sai ita.

Masu cewa Hausa ta wadatu tunda tana da "ciwon daji", "sankara" da "kansa" sun yi kuskure. Kalmomi uku ne, amma ba a shata wa ko ɗaya iyaka ba. A bakin jama'a, "daji" yakan haɗa gyambon da ya ƙi warkewa, da kumburin ƙafa, da ƙarin da ke yaɗuwa cikin jiki, ga kuma camfin da ke manne da shi, wai ba ya son allura. Likitan da ya ce wa mara lafiya "daji ne" ya faɗi gaskiya, amma sau da yawa ya tura ta wurin mai saiwa da ƙulli ba tare da ya sani ba. Kafin ta dawo, aikin gama ya gama.

Akwai masu cewa kimiyya ta fi ƙarfin harsunanmu. To, a 2007 Henry Tourneux ya fitar da ƙamus na Fulatanci a kan sassan jiki da lafiya, daga bakin mutanen yankin Marwa. Fulatanci bai gaza ba.

Bargery ya yi nasa a 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, amma ƙamusun gama-gari ne, ba a yi su don a riƙe a gefen gadon asibiti ba. Abin da ake bukata shi ne littafin da zai bambance ƙari mai zama wuri ɗaya da mai bazuwa, ya sa wa yankar tsoka don gwaji suna, ya fayyace gashin ƙari da haske yadda ba za a ɗauka ƙona mutum ake yi ba. Likita shi kaɗai ba zai iya wannan ba. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, tana da tsangayar likitanci. Ɗaliban Hausa kuwa har yanzu sun fi son su sake rubuta kundin digiri a kan karin magana.