Baƙin Man da Muke Zubarwa a Kwata

 A wannan wata a bakin kwata za mu tsaya. Duk wanda ya ratsa Suame Magazin a Kumasi, ko ya tsallaka babbar kwatar Nima a Ankara bayan an ɗauke ruwa, ya san wani sheƙi mai launin bakan gizo da ke kwance a kan ruwan. Wannan sheƙi baƙin mai ne da fetur da dizal da giris, waɗanda masana suka haɗa a suna ɗaya, wato haidirokabon. Kuma mu faɗi gaskiya, da hannunmu a ciki, don kuwa 'yan'uwanmu suna da yawa a cikin makanikai da direbobi da masu wankin mota.

To, ina man yake zuwa? Na Nima yakan gangara kogin Odaw, daga nan tafkin Korle, sannan teku. Kafin ya kai can, wani ya tsuma cikin ƙasa ya sauka rijiyoyi, wani kuma masu lambu su ɗebe shi tare da ruwa su bai wa latas da kabeji da za mu saya gobe a kasuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa galan ɗaya na baƙin mai ya isa ya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A cikin fetur kuma akwai wani sinadari mai suna benzin da ke haddasa kansar jini. Ba mu kuma manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da man da ya malala a kan ambaliya ya kama da wuta a shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya.

Wani zai ce ai mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai a kwashe shi daga sama kawai. Haka ne, muddin sabulu bai shiga ba. Da zarar an wanke inji da sabulu, sai man ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana, ruwan ya yi fari-fari kamar an dama nono, ko ya kwana bakwai a ajiye ba zai rabu ba. A nan ne masana suka nemi taimakon abubuwa biyu: wutar lantarki da ƙwayoyin bakteriya.

Aikin lantarki shi ne na farko. Ana jera farantan ƙarfe ko na alminiyam a cikin tanki, a sakar musu wuta irin ta batir. Farantin gefe ɗaya sai ya riƙa narkewa a hankali, yana sakin wani abu mai yauƙi da ke kama ɗigon mai ya dunƙule su, kamar dai yadda iyayenmu mata ke jefa alam a randa laka ta kwanta. A ɗaya gefen kuma ƙananan kumfa na iskar haidirojin ke tashi, su tallabo dunƙulen zuwa sama, a yaɗe shi da sauƙi. Akwai ma wasu irin faranti da ba sa narkewa, aikinsu shi ne su sassare sinadarai masu taurin kai su mai da su gutsattsari. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1889 aka gwada tace ruwan datti da lantarki a Landan, tsadar wuta ce ta daɗe tana hana ta yaɗuwa.

Daga nan sai ruwan ya wuce tanki na biyu, wurin ƙwayoyin bakteriya. Allah cikin ikonsa ya halicci wasunsu, irin su Pseudomonas da Rhodococcus, waɗanda mai yake abinci a gare su. In aka hura musu iska, aka ɗan ƙara musu abin da ke cikin takin zamani, sai su cinye man su bar ruwa da iskar kabon. An ga aikinsu a 1989, lokacin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska ta Amurka, aka watsa taki a bakin teku don ƙwayoyin su ƙara himma.

Me ya sa sai an haɗa biyun? Domin kowanne yana da inda ya gaza. Lantarki yana da sauri, amma in aka ce shi kaɗai zai gama aikin, kuɗin wuta da na sauya faranti sai ya cinye ribar sana'ar. Ƙwayoyin kuwa ba su da tsada, sai dai suna da nawa, kuma in man ya yi kauri ko gubarsa ta yi yawa su ma mutuwa suke yi. Saboda haka lantarki ya rage kauri ya karya guba, su kuma su share abin da ya saura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauko batirin mota ya ce zai gwada a bayan shago. Iskar haidirojin tana kamawa da wuta, kuma dattin da aka yaɗe yana ɗauke da mai da gubar ƙarafa, in aka mai da shi kwata an yi aikin baban giwa. Aiki ne na injiniyoyi, kuma ya fi ƙarfin aljihun gareji ɗaya. Ƙungiyar makanikai ko ta masu wankin mota ce za ta iya haɗa kuɗi, ta nemi shawarar jami'o'inmu da hukumar kare muhalli, a gina matata ɗaya da layi guda zai riƙa turawa. Tun da irin wutar da ake bukata ita ce farantan hasken rana ke bayarwa, ko dumsor ba zai zama hujja ba.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ba ya bukatar injiniya. Kowane maigida ya ajiye duro a shagonsa, ya hori yaransa su juye baƙin mai a ciki, a sayar wa masu sake tace shi. Mai wankin mota ya gina ɗan rami mai ɗakuna biyu ko uku, mai ya tsaya a sama, ruwa ya wuce ta ƙasa, a riƙa kwashewa. Muna kuma roƙon sarakunan zango da limamanmu su sa baki, domin ruwan da muke ɓatawa da safe shi ne wani zai yi alwala da shi da yamma.

Allah ya kare mu da zuriyarmu, amin. Sai wata mai zuwa in mai duka ya kai mu.