Duwatsun Zuru Sun Fi Ƙarfin Kallon Matafiyi

A ƙasar Norwe, manyan jiragen ruwa kan yada zango a Geiranger, inda teku ta kutsa tsakanin duwatsu masu ƙanƙara a ka. Baƙi su sauka, su ba idanunsu abinci na 'yan sa'o'i, su koma jirgi. A ganina, ya malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, irin kallon da muke yi wa ƙasar Zuru ke nan. Mukan je bikin Uhola, mu leƙa kadojin Girmache, mu juyo kafin rana ta faɗi.

Alhali duwatsun nan ba don ado Dakarkari suka zauna a kansu ba. Su ne garkuwarsu a zamanin hare-haren Kwantagora, kuma kufan da suka bari bayan saukowarsu suna nan. Tsofaffin da suka san sunayen wuraren da harshen C'lela kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka ina roƙon Sashenmu ya riƙa tura ɗalibai su yi ko da mako biyu a can lokacin hutu, su zauna gaban dattawa da alƙalami da rakoda.