Suna Ɗaya, Aiki Biyu: A Tambaya Kafin A Zaɓi Jami'a

Kowace shekara, in sakamakon bak ya fito, sai uwaye da ƴaƴansu su shiga shawara: wace makaranta za a nufa? Daga cikin fannonin da yara masu ƙoƙari ke buri akwai injiniyancin halittu, watau haɗa aikin injiniya da sanin jikin mutum, dabba da tsiro. Da irin wannan sani ne aka sa ƙwayoyin halitta suna yin insulin, maganin ciwon sukari, wanda aka fara sayarwa a 1982.

Amma a lura. Sunan karatun ɗaya ne, aikin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A Amurka, galibi karatun ya karkata wajen asibiti: na'urar daidaita bugun zuciya, ƙafar roba, injin hoton cikin jiki. Jami'ar Johns Hopkins ta birnin Baltimo, wadda aka kafa a 1876, ta yi suna a wannan fanni. Sai dai ƙofarta ƙarama ce. Mai so sai ya faɗi tun cikin takardar nema, kuma ana iya karɓar yaro a jami'ar, a hana shi wannan sashe. Makarantar MIT ma haka take da wuya: a 2023, cikin mutum 100 da suka nema, waɗanda aka ɗauka ba su kai 5 ba. Amma in ta ɗauki ɗan talaka, ko baƙo ne, tana taimaka masa da kuɗin karatu gwargwadon rashin ƙarfin gidansu. Karatun duka da Ingilishi ne.

A Beljik kuwa, wannan suna na aikin ƙasa ne: noma, daji, ruwa da sarrafa abinci. Makarantar Jambulu, wadda aka kafa a 1860, ta shiga ƙarƙashin jami'ar Liyej a 2009. Karatu shekara 5 ne, da Faransanci.

To, yaron da ke son gyaran irin hatsi da wake, in ya bi suna ya faɗa sashen kayan asibiti, ya yi ɓatan kai. An sayar da shanu, an ci bashi, shekaru sun wuce, ga takarda a hannu, amma ba ta aikin da ya yi niyya ba.

Saboda haka, kafin a cika takarda, a nemi amsar tambaya huɗu. Mi ake koyarwa shekara-shekara? Da wane harshe? Wa zai biya makaranta, ɗaki da abinci har ƙarshe? In an gama, ina za a yi aiki da shi? Kuma kada a nemi wuri guda kawai, tun da masu nema sun fi kujeru yawa.

Kada kuma a rena na gida. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi duk suna da sashen ilimin noma. Mai ƙwazo na iya farawa nan, ya nemi ƙarin karatu waje daga baya, ya riga ya san ciwon da ya tafi nema wa magani.

Uban da bai yi lakwal ba shi ma yana da ta cewa. Ya sa ɗansa ya fassara masa takardun makaranta da Hausa, layi-layi, ya kuma je ya ga malaman lise. Matambayi ba ya ɓata.