Santsin dutsen kogi ya cancanci a saurari shaidarsa

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogi a ƙafa ya san santsin nan mai ruwan ƙasa da ke manne a jikin duwatsu. Mafi yawansa halittu ne masu rai, dangin gansakuka, waɗanda masana ke kira diyatom. Ido ba ya iya ganin ƙwaya ɗaya. Kowacce tana zaune cikin ƙoƙon silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, kuma da zanen ƙoƙon ake gane irinta.

Kowane iri da ruwan da yake so. Dangin Eunotia sun fi yawa a ruwa mai tsami. Nitzschia palea kuwa tana bunƙasa ne inda kwata da takin zamani suka cika ruwa da naitirojin da fosfaras. Gishiri, zafi, inuwar bishiyoyi da ƙarfin gudun ruwa duk suna sauya irin da zai mamaye dutse. A 1948 Ruth Patrick ta bi rafin Conestoga a Amurka, ta nuna cewa ruwa mai lafiya yana ɗauke da ire-ire masu yawa, gurɓatacce kuwa 'yan kaɗan masu juriya ke cinye shi. A 1995 Martyn Kelly da Brian Whitton suka tsara ma'aunin diyatom na kogunan Birtaniya, sannan dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta 2000 ta sa irin wannan bincike cikin wajibai.

Kano na bukatar irin wannan bincike ƙwarai. Kogin Chalawa ya daɗe yana shan dagwalon masana'antun jima, Jakara kuma na kwashe ƙazantar birni, ga manoman rani suna ban-ruwan latas da tumatir da ruwan nan. Kwalbar da jami'i ya ɗiba da hantsi ba ta nuna abin da aka zubar da tsakar dare, domin ya riga ya wuce. Diyatom kuwa tana nan manne, kuma yanayin ruwan na makonni da dama ne ya tantance wadda ta rayu. Kayan aikin ma ba su da tsada: duwatsu biyar, buroshin goge baki, na'urar ganin ƙananan halittu, da gwanin da zai ƙirga ƙoƙo 300 zuwa 400.

Samun gwanin ne babban aiki. Ba a kwaso ma'aunin Turai a ɗora wa kogin da ke ƙafewa da rani, wanda yashi ya fi dutse yawa a cikinsa. A irin wannan wuri sai dai a kankaro daga jikin kachala da sauran ciyayin ruwa. Ya kamata Jami'ar Bayero da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su haɗa kai su tattara ire-iren diyatom na yankin, damina da rani, su kuma horar da ɗaliban da za su riƙa miƙa wa hukumar kula da muhalli ta NESREA sakamakon.